Hawa keke zuwa aiki a Zariya: dabara ce ko komawa baya?

Abban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina tafe da magana, ku yi haƙuri da tsawonta.

Wata huɗu ke nan da na daina shiga bas zuwa wurin aiki. A Tudun Jukun nake zaune, aikina kuma a Samaru. Wani dare na ɗauki biro da takarda na haɗa abin da nake kashewa: acaɓa daga ƙofar gida zuwa bakin titi, bas zuwa Samaru, da yamma a sake, kwana 22 a wata. Abin da ya fito ya kusa kashi ɗaya cikin uku na albashina. Ranar Asabar da ta biyo baya na shiga Sabon Gari na sayi keke na gwanjo mai giya. In na fita bakwai saura kwata, kafin takwas saura kwata ina ofis, har in wanke fuska in sauya riga. Tumbi ma ya fara sauka, uwargida ce shaida.

To shekaranjiya a Kwangila, ina tafe a gefen titi, wani mai Napep ya sha gabana ya taka birki don ya ga fasinja ta ɗaga hannu. Na kauce hagu, sai madubin wata bas ya daki gwiwar hannuna, na tafi ƙasa. Alhamdu lillahi ƙurjewa ce kawai, sai wilin gaba da ya lanƙwashe. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba faɗuwar ba ce. Kwandastan bas ɗin ne ya leƙo ya ce, "Kai da keke me ya kawo ka kan titi?" Kuma mutanen da ke wurin suka yi dariya.

Tambayata: mai keke yana da haƙƙi a titin Zariya ko ba shi da shi? Ya kamata mu nemi gwamnati ta ware mana hanya, ko kuwa neman hakan ma amincewa ne da talaucin da aka jefa mu?

Sani_Palladan:
Subhanallahi. Sannu Abban Khalifa, Allah ya kiyaye gaba. Kwangila ko a mota kake sai da addu'a.

Talaka_Bawan_Allah:
Sannu ɗan uwa. Amma ni wallahi maganar keken nan haushi take ba ni. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka tsaya a Abuja aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuma 70,000. Bayan duk wannan sai a fito a rediyo ana ce mana hawa keke na ƙara lafiya. Lafiyar wa? Wanda ya ce mu hau keke, shi da jerin motoci nawa yake fita? Su fara hawa mu gani. In muka ce a yi mana hanyar keke, mun sa hannu ke nan cewa mu da mota har abada.

Malam_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na yi koyarwa shekara 35, kuma goma sha biyun farko a kan keke na yi su.

Ku da kuke ganin keke alamar tsiya ce, a zamaninmu mai Raleigh babban mutum ne. Rali muke ce masa. A Kano ake haɗa shi. Baƙi ne wuluk, da akwatin sarƙa a rufe don kada baƙin mai ya taɓa maka riga, da fitila mai dinamo wadda ke jingina da taya, kana tuƙi tana kuka tana haske. Ranar Juma'a mu wanke shi, mu goge sifok ɗaya bayan ɗaya da tsumma, wasu har ado suke yi wa kan da roba mai launi. Malamin makaranta, malamin asibiti, akawun En'e, duk keke ne. Gwamnati har bashin sayensa take ba ma'aikaci, ana cira a albashi. Kuma akwai lasin, ɗan ƙarfe ne ake ɗaura maka a jikin keken, in ba ka da shi ɗan doka ya tare ka. Daga Kwarbai nake fitowa, in bi ta Ƙofar Doka, in wuce Tudun Wada, ba na jin tsoron kowa, don motocin da ke garin ma an san masu su da suna.

Abin ya fara sauyawa ne da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, a 1975. Aka zuba wa ma'aikata ariyas, kowa ya ruga ya sayi babur. A shekarar kuma aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Daga nan keke ya zama na mai gadi da ɗan aike da manomi. Ni kaina na jingine nawa na sayi Honda, ba zan ɓoye ba, har da taƙama. Yau gwiwa ta hana ni, da na koma.

Abin da nake so Talaka_Bawan_Allah ya gane, keke bai canza ba. Idonmu ne ya canza.

Talaka_Bawan_Allah:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma ku kun hau Rali ne kuna hango babur a gaba. Mu daga babur ake sauko da mu. Ba ɗaya ba ne.

Bakanon_Kongo:
Ni dai abin da na sani, Bazazzagi ko a keke yake sai ya rataya jakar takardu ya ce shi lakcara ne. A yi muku hanyar keke, a sa mata suna Titin Farfesoshi.

Zazzau_Ta_Amina:
Ka ji Bakano. Ku da aka hana ku acaɓa tun 2013 kuka cika gari da A-daidaita-sahu har mutum ba ya iya tsallaka titi? In aka yi hanyar keke a Kano, kafin la'asar kun kasa gwanjo a kanta kun fara karɓar kuɗin haya.

Injiniya_Basawa:
Wasa wasa, Zazzau_Ta_Amina ya taɓo ainihin matsalar. Bari in ɗan yi bayani, don harkar hanya ce sana'ata.

Idan aka ce hanyar keke, yawancinmu muna hango farin fenti a gefen kwalta. Wannan a Zariya ba zai kwana biyu ba. Ku dubi gefen titi daga PZ zuwa Kwangila: mai lemo, mai faci, mai shayi, motar da aka ajiye, Napep na lodi, ga yashin da ruwan sama ya tara. Wurin da mai keke ya kamata ya bi shi ne wurin da kowa ya mayar nasa. Shi ya sa dole yake kutsawa cikin motoci, kamar yadda ya faru da Abban_Khalifa. Hanyar keke ta gaskiya tana son faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da dakalin kankare da zai raba ta da motoci. Kuma dole a yanka wa Napep da bas wurin tsayawa nasu, in ba haka ba an yi aikin banza. Mafi wuya kuma mahaɗa ce, irin Kwangila da PZ da Agoro, inda kowa ke juyawa. A nan ake buge mutane, ba a miƙaƙƙen titi ba.

Game da cewa keke na matalauta ne: ƙasar Holan kekunanta sun fi mutanenta yawa. Kuma ba haka suka taso ba, su ma sun bi mota kamar kowa. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a titunansu, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga 1973 Larabawa sun rufe musu famfon mai, har gwamnati ta hana fita da mota ranar Lahadi. Tsadar mai da gawar yara ne suka sa suka sake tsarin titunansu. Mu ma duka biyun muna da su.

Abin da ke ba ni takaici, Zariya gari ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu mai wahala. Ɗalibai sun cika shi, daga jami'a zuwa Nuhu Bamalli zuwa Kongo. Ga cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, a nan garin take tun 1986. In akwai garin da ya dace a gwada wannan a Arewa, nan ne.

Auwalu_Mai_Napep:
Injiniya na gode da ka ce a yanka mana wurin tsayawa. Kowa mu yake zagi. Yallaɓai Abban Khalifa ka yi haƙuri a madadin ɗan uwana, bai kyauta ba. Amma ku sani ni balas nake kaiwa kullum, ko na samu ko ban samu ba, ga mai, ga kuɗin ƙungiya. In fasinja ta ɗaga hannu ban tsaya ba, na bayana ya ɗauke. Sannan masu keken ma ba waliyyai ba ne. Da daddare mutum ya fito ba fitila, ba komai mai ƙyalli, da baƙar riga, yana tahowa ta hannun da ba nasa ba. Sai kana dab da shi za ka gan shi. In ka taɓa shi a taru a kanka.

Sista_Hanwa:
Wannan gaskiya ne Malam Auwalu. Ina aikin jinya, kuma na yi shekaru a ɗakin da ake kawo 'yan haɗari. Masu babur sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma mai keke in aka kawo shi, yawanci bayan magariba ne, kuma a kai ne raunin. Don Allah Abban Khalifa ka nemi hular kwano, ka sa jar fitila a baya. Akwai masu caji yanzu, ba su da tsada. Ita gwiwar hannun ma kada ka raina ta, in ta kumbura ko ba ta miƙewa sosai ka je a ɗauki hoto.

Abban_Khalifa:
Na gode Sista, hannun yana miƙewa, tsami ne kawai. Hular kwano kuwa ina da ita, kunya ce ta hana ni sawa. Ranar farko da na sa, yaran layinmu suka bi ni suna "Bature! Bature!"

Maman_Ilham:
Ni ta ɓangaren yara zan yi magana. Muna Gyallesu, 'ya'yana uku ke zuwa makaranta, kuɗin Napep ɗinsu ya fi kuɗin cefanen rana. Babansu ya saya wa babban keke, yana aji biyu a babbar sakandare. Kuɗi kam an rage. Amma daga lokacin da ya fita har ya dawo, zuciyata ba ta kwanciya. In na ji ƙarar birki a titi sai gabana ya faɗi. Na kafa masa doka: ba goyo, ba kama bayan tifa, kuma in ya zo babban titi ya sauka ya tura. Ko yana bi, Allah masani.

Ilham ita ma ta tasa ni gaba sai an saya mata. Babanta ya ce a'a, me mutane za su ce. Shekararta 13.

Yar_Wusasa:
Maman Ilham, me mutane za su ce ɗin nan shi ya hana mu abubuwa da yawa. Na yi hidimar ƙasa a Maiduguri. Tun 2011 aka hana babur a can saboda rikici, sai keke ya cika gari. Da idona na ga 'yan mata da dogon hijabi da wando a ciki suna tuƙa keke zuwa makaranta da Islamiyya, ba mai ko kallonsu. Su ba Musulmi ba ne? A nan kuwa mun yarda budurwa ta hau bayan ɗan acaɓan da ba ta sani ba, amma ta tuƙa kanta ya zama abin magana.

Abu_Sumayya:
'Yar uwa, a yi a hankali. Ba cewa aka yi haramun ne ba. Magana ce ta sutura da kuma tsaro. Yarinya ita kaɗai a hanya, taya ta yi faci a inda ba mutane, ko 'yan iska su tare ta fa? Kowane gari da al'adarsa. Uba ya fi kowa sanin unguwarsu.

Yar_Wusasa:
Malam, na yarda da maganar tsaro. To a ce tsaro, kada a ce "me mutane za su ce". Wanda aka ce tsaro ne ana iya gyara shi, a haɗa su su huɗu su riƙa tafiya tare.

Maman_Ilham:
Kada ku haɗa ni faɗa da maigida don Allah, yana cikin zauren nan.

Sani_Palladan:
Hahaha. Baban Ilham, fito ka kare kanka.

Ɗan_Alhaji_Kasuwa:
Injiniya ya kai mu Holan, ni ba sai na je Turai ba. Ina zuwa Wagadugu sayen kaya. A manyan titunansu akwai ɓangaren masu keke da babur daban, an raba shi da na motoci. Mata da goyo, da kwandon kayan miya a kariya, kowa na harkarsa. Har gasar tseren keke suke yi ta ƙasa tun 1987. Burkina Faso ta fi mu kuɗi ne? Ko kusa. Mu girman kai ne ya yi mana yawa. Mutum ya gwammace ya ci bashin kuɗin mota da a gan shi yana taka feda.

Talaka_Bawan_Allah:
Alhaji, kai da kake faɗin haka, a me kake zuwa shago?

Ɗan_Alhaji_Kasuwa:
A mota. Amma ni ina ɗaukar kaya.

Talaka_Bawan_Allah:
To ka gani. Kowa keke ya dace da maƙwabcinsa.

Tsohon_Ɗan_Jarida:
Talaka_Bawan_Allah ya ce su fara hawa mu gani. An taɓa yi ai. Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, a 2001 ya ɗauko kamfen ɗin hawa keke, har ya riƙa zuwa aiki a kai a Abuja, 'yan jarida na biye da shi. Ƙarshenta wata bas ta ture shi ya faɗa lambatu. Jaridu suka samu abin dariya, magana ta mutu. Ni a ganina mutumin bai yi kuskure a tunani ba, ya dai fara ta inda ya kamata a ƙare. Ya ce a hau keke alhali bai gina inda za a hau ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan, har yau abin da ake yi bai wuce a fito ranar 3 ga Yuni, ranar keke ta duniya, manya su sa riga mai ƙyalli su zaga, motar jiniya na gaba tana buɗe musu hanya, a ɗauki hoto, kowa ya koma jif ɗinsa.

Injiniya_Basawa:
Daidai ne ranka ya daɗe. Kuma dubi ayyukan da aka yi mana a 'yan shekarun nan. An faɗaɗa tituna, an raba su biyu, an yi gadar sama. Sun yi kyau, ba na musu. Amma titi in ya yi faɗi ya yi santsi, direba gudu yake ƙarawa. Mai keke da mai tafiya a ƙasa sai abin ya fi musu haɗari fiye da lokacin ramuka. A lokacin da ake zuba kwaltar ne ya fi sauƙi a bar mita biyun nan. Yanzu sai an fasa.

Barista_Tudun_Wada:
Amsar tambayar farko: e, mai keke yana da haƙƙi a titi. Ƙa'idojin hanya na ƙasa sun san da shi, har da abin da ake so ya kiyaye: birki mai kyau, ƙararrawa, fitila da daddare, bin hannun dama. Kwandastan nan jahilci ne ya dame shi.

Amma ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Lasin da Baba Malam ya ambata bai mutu ba a takarda. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai ba da lasin na kekuna da baro da amalanke da kwalekwale. Wato dokar da ta fi fitowa fili a kan keke a ƙasar nan ta karɓar kuɗi ce. Don haka masu neman gwamnati ta waiwayo su, ku yi hattara da irin waiwayen. Kada a wayi gari hanya ba ta samu ba, rasit ya samu.

Sannan titunan ma ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya bi ta Kwangila zuwa Samaru ya wuce Funtuwa na tarayya ne, na cikin gari na jiha, lunguna na ƙaramar hukuma, ga ta Zariya ga ta Sabon Gari. Takardar koke ɗaya ba za ta isa ba.

Bakanon_Kongo:
Barista don Allah goge wannan kafin masu karɓar haraji su gani.

Ibro_Mai_Faci:
Salamu alaikum. Ni gyaran keke nake yi a Muciya, na gada wurin babana. Gaskiya tun da mai ya tashi aiki ya ƙaru. Kekunan da suka shekara goma a rataye a zaure duk an sauko da su. Mutum zai kawo shi ya yi tsatsa, taya ta ruɓe, ya ce a tayar masa. Amma kayan gyara su ma sun tashi, don yawanci daga waje suke zuwa, Sin da Indiya. Taya, tub, sarƙa, firiwil, duk sun yi tsada. Wani tub ɗin in ka sa yau, sati biyu ya fara tsiyaya ta bakin bawul.

Shawara ga masu saye: kada kyan fenti ya ruɗe ku. Ku ɗaga keken ku juya wili ku ga ko yana rawa, ku duba inda aka yi walda a jikin firam. Mai giya na gwanjo ya fi sabo mai arha ƙarko. In kaya za ka riƙa ɗauka, buhu ko jarka, nemi Phoenix irin na da. Yallaɓai mai wili, kawo shi in gani, in bai karye ba ana ɗaure sifok ya miƙe.

Na biyu, ɓarayi. A sayi sarƙa da kwaɗo mai kyau, a haɗa da firam a ɗaure a jikin ƙarfe. Kulle wili kaɗai ba ya hana a ɗauke shi a ka.

Ɗalibin_Samaru:
Oga Ibro ka taɓo inda ke mini ciwo. Nawa a ƙofar masallaci aka ɗauke, sallar azahar, raka'a huɗu. Na fito na tarar da kwaɗon a ƙasa an yanke. Tun kafin a kai ga hanyar keke, a fara yi mana wurin ajiya mai tsaro a makarantu da kasuwa da masallatai, ko da biya ne kamar yadda ake yi wa babura.

Kuma akwai zafi, kada a manta. Yanzu da sanyin hunturu kowa gwani ne. Ku bari Maris da Afrilu su zo, ka taka daga Samaru zuwa Kongo da ƙarfe biyun rana, ka shiga aji kamar an tsamo ka daga Kubanni. Holan ɗin da ake faɗa ai ba su san wannan ranar ba.

Injiniya_Basawa:
Su kuma suna da ruwan sama da iska da ƙanƙara, ɗalibi. Amma ka yi gaskiya, inuwa na cikin aikin. Dubi tsofaffin titunan GRA da cikin jami'a inda aka dasa maɗaci da dalbejiya, ka kwatanta da sababbin da aka sare komai. Hanyar keke ba bishiya, rabin aiki ce.

Malam_Mai_Ritaya:
Ɗana ɗalibi, mu ma da rana muka yi. Dabara ita ce sammako, da ajiye riga ta biyu a wurin aiki, kamar yadda Abban Khalifa ke yi. Amma a lokacinmu an fi yanzu itatuwa, wannan kam haka ne. Rimaye ma da aka san Zariya da su, nawa suka rage?

Hajiya_Sabon_Gari:
Duk na karanta. Ni mai shago ce a bakin titi, kuma in aka ce za a gyara hanya mu ake fara kora. Masu kasa kaya da Injiniya ya lissafa, ba don sha'awa suke zaune a rana ba, da shi suke ciyar da gida. In za a ba mai keke mita biyu, a faɗa mana inda mai lemo zai koma. Kada a share wa talaka ɗaya hawaye da rigar wani talakan.

Talaka_Bawan_Allah:
Yawwa Hajiya. Mai keke, mai Napep, mai lemo, duk mu ne, muna faɗa a kan ɗan gefen titi, mai jif ya bi tsakiya da gilashi a rufe. Ni abin da nake so a nema shi ne manyan bas masu arha daga Samaru zuwa cikin gari, masu amfani da gas tunda an ce ya fi sauƙi. Tsoho da mai ciki da mara lafiyar da zai je asibitin Shika, keke zai kai su?

Yar_Wusasa:
Ai ba wanda ya ce ɗaya zai hana ɗaya. A yi bas ɗin, a yi hanyar keken.

Talaka_Bawan_Allah:
A ƙasar nan? In kika nemi biyu, mai arhar za a ba ki a ce an gama. Fenti galan biyu da hoto.

Zazzau_Ta_Amina:
Kun tuna ƙarshen Satumban 2021, da gwamnatin jiha ta hana hawa babur gaba ɗaya na wata uku saboda 'yan bindiga? A layinmu har limaminmu keke ya koma. Ba wanda ya yi wa wani dariya, don kowa ya san dalili. Ana sassautawa kuwa kowa ya mayar da shi zaure. Ni wannan ya nuna mini ba kunya ce kaɗai ba, mutane sauƙi suke bi.

Tsohon_Ɗan_Jarida:
Ko kuma ya nuna cewa in an yi yawa kunyar tana gushewa. Ya danganta da yadda ka kalle shi.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a ci gaba da muhawara cikin mutunci. Na goge saƙo biyu da suka koma zagin jam'iyya. Mai tallar kekuna kuma ya bari sai ranar Asabar, ranar talla.

Abban_Khalifa:
Na gode muku duka. Barista, na ji daɗin sanin cewa ba alfarma ake yi mini a titi ba, ko da yake maganar rasit ta tsorata ni. Talaka_Bawan_Allah, ban ƙi taka ba. Ni ma ba don ƙaunar motsa jiki na fara ba, aljihu ne ya kora ni, kuma in aka kawo bas mai arha ban yi alkawarin ba zan shiga ba ranar da hadari ya haɗo. Amma kuɗin da na rage a wata huɗun nan da shi na biya kuɗin makarantar Khalifa ba tare da na ci bashi ba, karo na farko cikin shekara biyu. Wannan ma ba zan ɓoye ba.

Akwai mutum uku da nake yawan haɗuwa da su a hanya da safe, ɗaya ma dattijo ne mai ɗaure gora biyu na madara a kariya. Ina tunanin in muka riƙa tafiya a jere, direba zai fi ganinmu. Duk mai bin hanyar Samaru da safe, mu haɗu a PZ bakwai saura minti biyar ranar Litinin. Ibro, gobe bayan la'asar zan kawo wilin.

Sista_Hanwa:
Da hular kwano.

Ɗalibin_Samaru:
Ni da na zo, amma sai dai in wani zai goya ni.

Sani_Palladan:
Ni zan jira ku a Palladan in shiga sahu. Amma nawa birkin baya ne kawai ke ci, Oga Ibro nawa ne gyaran na gaba?

Ibro_Mai_Faci:
Sai na gani. In roba ce kawai ba yawa, in waya ta tsinke kuma da ɗan magana.